Ranar Taka Waƙa

Shafi na 23

Masu zagin Dinah a ƙarƙashin shafin jiya, duk na gani, har da wadda ta ce in ɗaure mata dutse in jefa ta a tafki. Ku ɗan sassauta wa baiwar Allah. Ku karanta wannan tukuna, sannan in ga mai bakin da zai sake ɗaga mata murya.

*

Rhoda ta iske yayarta Dinah a ɗakin girki tana guga. Ƙyallen wuyan mijinta Matthias ne shimfiɗe a kan tebur, fari sol, wanda ba ya ɗaurawa sai ranar da ya san za a kalle shi. Dutsen guga ɗaya a hannun Dinah, ɗaya a bakin murhu yana ɗaukar zafi.

Rhoda ta mayar da ƙofa ta rufe, ta jingina da ita.

"Yaya, yau zan faɗa."

Dinah ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce mata kunun hatsi yana cikin tukunya, in ta tsaya surutu zai sandare, kuma ba mai sake ɗumama mata.

"Na ce yau zan faɗa musu waƙar Robin tawa ce."

Dutsen gugar ya tsaya cak a wuri ɗaya. Sai da ƙauri ya fara tashi sannan Dinah ta tuna ta ɗaga shi.

Yau ce ranar taka waƙa, kuma duk wanda ya zauna da mawaƙan Zauren Alhamis ya san nauyinta. Dokar Dattijo Garnett ce tun ranar da ya kafa zauren. Ba a kai waƙa maɗaba'a sai mai ita ya shiga gaba, jama'a na biye da shi a ƙafa, ya nuna musu inda kowane baiti ya sauko masa, nan bakin gada, can gindin bishiya. A inda baiti mafi girma ya sauko, sai a tambayi shaida, wanda ya ji da kunnensa. In shaida ta tabbatar, kowa ya ajiye dutse ɗaya a wurin, a tara su tsibi. Daga ranar an rufe magana. Waƙa ta zama tasa har abada, wanda ya ƙara tankawa ya fita daga zaure.

Shaidar Matthias Fearon kuwa kullum Rhoda ce, ƙanwar matarsa. Shi ba ya waƙa a zaune. Tafiya yake yi cikin tsaunuka yana gunaguni, hannu a baya, ita kuma tana biye da shi da fensir tana tsintar abin da ya faɗo daga bakinsa. Da yamma ta gyara rubutun da tawada, da safe ta karanta masa. Haka suka yi shekaru. Sai da Robin, ɗan jaririn da Dinah ta haifa masa, ya rasu, Matthias ya koma wa baƙin maganin barcin nan na kwalba, gunaguninsa ya zama gutsi-gutsi marar kai marar gindi. Rhoda ta fara da cike kalma ɗaya. Daga kalma sai ɗango, daga ɗango sai baiti. Da safe in ta karanta masa sai ya dafe ƙirji ya ce, ashe ni na faɗi wannan? Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce eh.

Waƙar Robin kam babu ko wasali ɗaya nasa a tsakiyarta. Kuma ita ce ta sa Mista Pellew, mai maɗaba'a, ya taso tun daga Landan. Keken dokin yamma zai tafi da shi da waƙar, da sunan Matthias a kanta.

Dinah ta duba ƙyallen, ta ga ƙunar ba ta yi yawa ba, ta naɗe wurin ciki. Ta ce wa Rhoda karatu ya fara taɓa mata kai. Mai kwafa mai kwafa ce, in ta sa waƙafi a inda ya dace an gode, amma waƙafi ba waƙa ba ne.

Rhoda ba ta yi musu ba. Ta dubi yayarta ido cikin ido, ta karanto a hankali, yadda ba ta taɓa karanta wa kowa ba:

"Na buɗe tafin hannunsa in wanke,
sai ga zare ɗaya na mayafin uwarsa.
Na mayar da yatsun na rufe masa,
kada ya isa can babu komai a hannu."

Sannan ta tambaye ta:

"Su waye a ɗakin wanki ranar, Yaya?"

"Ki bari."

"Shi yana ina?"

"Na ce ki bari, Rhoda."

"Yana sama a kwance, kwalba a gefen gado, ko takalmi bai cire ba. Bai ga zaren ba. Ni ban faɗa masa ba, ke ma na san ba ki faɗa ba. To a gidan wa ya gan shi?"

Dinah ta ajiye dutsen gugar a hankali, ta ja kujera ta zauna. Ta daɗe tana kallon hannuwanta da suka yi ja saboda zafi da ruwan sanyi. Da ta buɗe baki, muryar ba ta faɗa ba ce.

"Kina zaton ni wawuya ce? Tun a ɗango na biyu na sani."

Wannan ce ta bugi Rhoda. Ta shirya wa musu, ta shirya wa zagi, har mari ta shirya wa. Ba ta shirya wa wannan ba. Ashe duk watannin nan da ake tafa wa Matthias, ana cewa idon mawaƙi yana ganin abin da bai halarta ba, yayarta tana zaune a kusurwa tana zuba shayi, ta san komai, ta haɗiye abinta. Ranta ya ɓaci, ɓaci na gaske.

Ta tambaye ta me ya sa ta yi shiru. Dinah ta fara kawo abin da kowace matar aure za ta kawo, rufin gida, burodin da suke ci, sunan da ake gaishe su da shi a coci. Ta tuna mata da Hester, ta tsakiyarsu, da ta auri wani mawaƙin zauren, ya tsallaka teku neman sabon tunani ya bar ta tana ɗinkin huluna a ɗakin haya. Ta ce su uku mahaifinsu ya bari, kuma waƙa ta riga ta ci ɗaya, ba za ta zuba ido ta cinye sauran biyun ba.

Rhoda ta ce wannan duk ta sani, ba shi ta tambaya ba.

Sai Dinah ta ɗago. Idanun sun kaɗa, amma ko ɗigo babu.

"Bai je jana'izar ɗansa ba, kin sani. Bai taɓa kiran sunan yaron ba bayan nan. In na ambata sai ya ɗauki hularsa ya fita. Ina kwana kusa da shi kamar kusa da katanga. Ranar da kika karanta masa waƙar nan, ya sauko ya same ni a nan, daidai inda nake zaune, ya durƙusa ya ɗora kansa a cinyata ya yi kuka. Ya ce Robin. Ya kira sunan da bakinsa."

Ta shafa cinyarta da tafin hannu.

"Ni na san ba shi ya yi ta ba. Amma shi bai sani ba, Rhoda. Shi ya yarda daga cikinsa ta fito. Kalmomin naki ne, na ji, amma hawayen nasa ne, kuma su kaɗai gare ni. In kika karɓe waƙar, kin karɓe har da su."

Ku da kuke cewa a jefa ta a tafki, to ga ta nan, ku jefa.

Jikin Rhoda ya yi sanyi, ba zan ɓoye muku ba. Dinah ce ta raine ta bayan rasuwar uwarsu, ita ta koya mata kitso da karatu, ita ta ce wa Matthias kafin aure, ba ta zuwa gidansa sai da ƙanwarta. Ta ji kamar ta je ta rungume ta ta ce shi ke nan, a bar shi. Sau nawa ta yi hakan? Littafi ya fita ta yi shiru, wani ya fita ta yi shiru, kullum tana cewa wannan ne na ƙarshe.

Amma ta ƙi barin jikin ƙofar.

"Ni fa, Yaya?"

Dinah ta dube ta.

"Ni na goya shi yana tari. Ni na zaga da shi ɗakin nan har ƙafata ta kumbura don ki samu ki runtsa. Da ya tafi, mutane suka cika gidan nan, kowa ya riƙe hannunki, kowa ya tambayi jikin Matthias. Ni aka miƙo min kofuna in wanke. Ba ni na haife shi ba, don haka ba wanda ya yi min gaisuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai na je na yi kukana a takarda. Shi ma ɗin kuma a ce na wani ne?"

Dinah ta rufe ido.

"Sauran duk na bar masa. Tsaunukan, tafkin, waƙar makiyayin nan da ake rera wa yara, ya riƙe, na yafe. Wannan ɗaya ce ba zan bayar ba."

Dinah ta roƙe ta ko ba don komai ba kada ta yi a gaban jama'a, ta bari a dawo gida, su uku su zauna. Rhoda ta ce in an dawo gida an riga an ajiye duwatsu, kuma ita da bakinta za a sa ta ce ta ji da kunnenta. Ta sha faɗin wannan ƙaryar a kan tsauni, iska na dukan fuskarta, yau kam harshenta ba zai ɗauka ba. Dinah ta tambaye ta inda za ta kwana in ya kore ta. Ta ce ta ɗaure kayanta tun da safe, suna ƙarƙashin gado, kuma Hester ba za ta rasa gefen katifa ba.

"Ashe har kin shirya."

"Na shirya."

"Ki sani in ya faɗi a gabansu, ba zai tashi ba. Kin ga yadda hannunsa yake. Mutumin da zai ji yau cewa abin da yake taƙama da shi ba nasa ba ne, me kike zaton zai yi da kwalbar nan?"

Rhoda ta riga ta kwana da wannan tambayar, ta tashi da ita.

Takun matakala ne ya raba su. Aka turo ƙofa, Rhoda ta matsa, Matthias ya shigo cikin baƙar kwat ɗinsa ta fita taro, gashi a taje, fuska fayau. Dogo ne, kyakkyawa har yanzu, irin mazan da in suna magana sai ka manta abin da ka zo ƙorafi a kai. Ya ce me matan gidansa suke ƙullawa da ƙofa a rufe, ko za a sayar da shi ne? Ya leƙa tukunya ya yi wa kunun ba'a, ya ce da shi za a iya liƙe rufin coci.

Ya sunkuya Dinah ta ɗaura masa ƙyallen. Rhoda tana kallon yadda ta juya wurin ƙunar ta ɓoye shi a bayan wuyansa, ta daidaita kullin, ta ɗan shafa kafaɗarsa. Hannunsa kuwa rawa yake yi, har sai da ya cusa shi a aljihu.

"Alƙalamina," ya ce wa Rhoda, sunan da yake kiranta da shi ke nan, "yau ki tsaya kusa da ni. Kan nan nawa ya zama rariya, komai na zuba sai ya zube. In na ɓata hanya ki ɗan taɓa ni."

Ya yi mata murmushi irin na yaron da ya yarda da kai. Wallahi da ya daka mata tsawa da ya fi mata sauƙi.

*

Bayan sun ci abincin rana aka taru a bakin gada. An yi yayyafi da safe, hanya duk santsi. Dattijo Garnett ne a gaba da doguwar sandarsa, farin gashinsa yana tashi, yana faɗa da kowa a kan kada a yi magana in mawaƙi yana karatu, alhali ba mai maganar sai shi. 'Yan zaure suna biye, maza da matansu, kowa ya tsinci dutsensa a bakin rafi ya riƙe. Mista Pellew ya zo da takalmin birni mai sheƙi, tun kafin a bar gada ya taka kashin tumaki, ya tsaya yana goge shi a ciyawa yana tambaya ko tsaunin yana da nisa. Garnett ya ce masa ga mai ƙafa babu nisa.

Dinah ta saƙala hannunta a na Rhoda, ta riƙe gam. Mai kallo zai ce ƙaunar 'yan'uwa ce. Rhoda kuwa tana jin farata a fatarta.

Matthias ya fara. Duk abin da za a ce game da shi, murya kam Allah ya ba shi. A gada ya karanta baitin farko ya ce a nan ruwa ya fara yi masa magana. A gindin wata bishiyar ƙaya da iska ta tanƙwara ya karanta na biyu. Waɗannan akwai ɓurɓushinsa a ciki, don haka Rhoda ta bar shi. Aka bi ta gefen katangar duwatsu aka fara hawa, tumaki suna watsewa, mata suna tattare siket. Yana tafe yana waiwayen ta, ita kuma ta kafe idonta a ƙasa.

Tana hawa tana maimaita abin da za ta faɗa. Kalmomin da ta tsara da safe duk sun gudu. Ga tausayin mutumin da ke gabanta yana haki, ga zafin hannun yayarta. Sau biyu ta ji zuciyarta tana ce mata ki bari, waƙa ce kawai, za ki yi wata. Sai ta tuna sanyin ɗan tafin hannun nan a cikin nata, ta ƙara ɗaga ƙafa.

A can sama, inda ake hango tafkin gaba ɗaya, Matthias ya tsaya. Ya cire hula. Ya ce a nan ne, da yamma, rana tana faɗuwa a bayan ruwa, aka buɗe masa ido ya ga abin da bai halarta ba. Sannan ya karanta baitin zaren.

Ya iya karanta shi, wannan ne abin haushin. Matar likita ta fashe da kuka. Garnett ya fyace hanci da ƙarfi. Mista Pellew ma ya manta da takalminsa, yana gyaɗa kai yana cewa Landan za ta girgiza.

Dattijon ya buga sandarsa a ƙasa, ya yi tambayar da ake yi.

"Mawaƙi ya ce a nan aka haife ta. Wa ya ji?"

Kowa ya juyo ga Rhoda da fara'a, duwatsu a hannu, ana jiran kalmomin da aka saba. Wani har ya fara sunkuyawa zai ajiye nasa.

Ta kafe idonta a kan duwatsun da ke hannunsu.

Garnett ya zaci iska ce ta hana ta ji, ya maimaita. Ya tsokane ta ya ce ko alƙalamin Matthias tawadarsa ta ƙare ne? Aka yi dariya. Faratan Dinah suka ƙara nutsewa.

Ta buɗe baki, ta ga hannun Matthias da ke riƙe da hula yana karkarwa, sai maganar ta maƙale. Shi bai sani ba. Abin da ke ɗaure mata harshe ke nan. Yaya za ka tsaya a gaban mutum ka ce masa kukan da ya yi wa ɗansa aro ne?

Matthias ya yi dariya ya ce wa jama'a su yi mata uzuri, yarinyar tana son Robin ƙwarai, baitin ne ya taɓa ta. Ya tako ya zo gabanta, ya juya wa mutane baya kamar mai lallashi, ya sunkuyo daidai kunnenta. Murmushin yana nan a fuskarsa. Muryar ce ta canza.

"Ki ce nan ne, kin saba. Tun kalmar farko da kika cusa min na gane, na ƙyale ki. Na ba baitocinki suna, na kai su inda siket ba ya kai su. Wa zai karanta su da sunanki? Kada ki yi min butulci a gaban baƙo."

Ya ɗauka iska za ta tafi da maganar. Ya manta da wadda ke maƙale a hannun Rhoda, ko kuwa ya saba mantawa da ita ne, oho.

Rhoda ta ji faratan nan sun saki. A hankali hannun Dinah ya zare daga nata.

"Matthias." Can ƙasa ta yi maganar, su uku kaɗai suka ji. "Ranar da ka ɗora kanka a cinyata, ka sani?"

Ya dube ta, ya dubi jama'a ta gefen ido. Ya ce ba nan ne wurin wannan maganar ba.

"Ka sani?"

Ya gyara zaman ƙyallen wuyansa.

Duk tausayin da Rhoda ta hau tsaunin nan da shi ya sauka daga kanta lokaci ɗaya. Ba ta ji fushi ba ma, wani irin sauƙi ta ji, kamar ta sauke tulu. Ta ratsa ta gefensa ta fito fili inda kowa zai gan ta.

"Baba Garnett, ku riƙe duwatsunku. Ban ji ba."

Dariyar da ta rage a fuskoki ta ɗauke.

"Ban ji ba, don ba a faɗa ba. Ba a nan aka haifi baitin nan ba, ba kuma da faɗuwar rana ba. A ɗakin wankin gidanmu aka haife shi, a kan teburin da muka kwantar da yaron. Ni na buɗe hannun, ni na ga zaren, ni na rufe. Ni na rubuta waƙar. Mai son ganin wurin ya biyo ni, ba shi da kyan gani kamar nan, amma can ne."

Nan fa wuri ya hargitse da ƙus-ƙus. Wata ta ce baƙin ciki ya taɓa ta. Wani ya ce abin da ke faruwa ke nan in an bar mace da littattafai ba aure. Mista Pellew yana ta kallon Matthias yana jiran ya yi dariya. Shi kuwa ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce a yi mata a hankali, ta daɗe ba ta barci, tsabar kwafar waƙar ce ta sa take jin kamar tata ce. Ya faɗe shi da taushi har Rhoda ta ga wasu sun fara gyaɗa kai.

Garnett ya buga sanda, aka yi tsit. Tsohon ya daɗe yana kallonta daga ƙarƙashin girarsa. Yana son Matthias kamar ɗansa, kowa ya sani. Amma dokar tasa ce, kuma ya fi son dokarsa da kowa.

"'Yata, magana kika ɗauko mai nauyi. A zauren nan mai waƙa ba ya yi wa kansa shaida, ko shi ko ke. Shi ya rasa tasa yanzu. Ke ina taki? Wa ke tare da ke a ɗakin da kike faɗa?"

Rhoda ba ta waiwaya ba. Ta yi wa kanta alkawari tun a ɗakin girki ba za ta ja yayarta cikin wannan ba, ko da za a kira ta mahaukaciya har ta mutu. Ta ɗaga kai za ta ce ba ta da kowa.

"Dinah," in ji Matthias, a hankali, da muryar nan tasa. "Ki kama ƙanwarki ku tafi gida."

Dinah ta tako. Ta wuce shi ko kallo babu, ta zo ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Rhoda, ta fuskanci dattijon.

"Ina wurin, Baba Garnett. Ni nake zuba mata ruwan tana wanke shi."